Tambayoyin Masu Karatu: Zoɓona Ya Isa Meziko, Ni Ma In Bi Shi?

Wasiƙu uku suka iso teburinmu a nan Abuja cikin wannan wata, dukkansu a kan tafiya zuwa yankunan da ƙungiyoyin masu safarar miyagun ƙwayoyi suke da ƙarfi, saboda haka muka haɗa su wuri guda. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambayar.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Kubwa, sana'ata kuwa sayen busasshen zoɓo daga Maigatari da Dawanau, a gyara shi, a ɗura a kwantena, a tura ta Legas zuwa Meziko. Shekara uku ke nan muna hulɗa da wani mai saye ba tare da mun taɓa ganin juna ba, yanzu kuma ya gayyace ni in je in ga ma'ajiyarsa a birnin Guadalajara, mu zauna mu ƙulla yarjejeniya mai tsawo. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba, domin jikokinta sun nuna mata hotunan motoci suna cin wuta a kan titunan ƙasar. Wani abokina da ya taɓa zuwa ya ce zuzutawa ce kawai, shi ko ƙarar bindiga bai ji ba. Maganar wa zan kama?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya ja kwanan Hajiya. Da ita da abokinka babu wanda ya yi ƙarya, kowa ya faɗi abin da ya hango ne daga inda yake tsaye. Da wani ɗan Meziko zai rubuto maka yana tambaya ko akwai zaman lafiya a Najeriya, ba za ka ce masa i ko a'a ba. Za ka tambaye shi garin da zai sauka, da hanyar da zai bi, da lokacin da zai kama hanyar, da wanda zai tarbe shi. Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya kwana uku a Maitama ya koma, da wanda ya hau motar haya da magariba ya nufi Birnin Gwari, ƙasa ɗaya suka zo, amma ba tafiya ɗaya suka yi ba. Da wannan ma'auni za ka auna Meziko.

Faɗin ƙasar ya ninka na Najeriya fiye da sau biyu, tana da jihohi 31 da babban birni, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 126 a cikinta. Tun watan Disamba na 2006, lokacin da Shugaba Felipe Calderón ya tura sojoji jihar Michoacán domin murƙushe masu safarar ƙwaya, jini bai daina zuba ba. Tsakanin 2017 da 2023 ana kashe mutum fiye da 30,000 a kowace shekara, kuma a watan Mayu na 2022 rajistar gwamnati ta mutanen da suka ɓata ba a ga gawarsu ba ta haura 100,000. Waɗannan alƙaluma su ne hujjar Hajiya, kuma hujja ce mai nauyi. Sai dai kisan bai rarrabu daidai a faɗin ƙasar ba. Masana suna auna shi da yawan waɗanda aka kashe a cikin kowane mutum 100,000, domin kada jiha mai yawan jama'a ta zama kamar ta fi kowa muni don yawanta kawai. A wannan ma'auni, a alƙaluman 2022, ƙasar gaba ɗaya tana wajen 25, ƙaramar jihar Colima ta haura 100, jihar Yucatán kuwa tana wajen 2. Colima ba ta kai nan a banza ba, domin a cikinta tashar jiragen ruwa ta Manzanillo take, inda sinadaran haɗa ƙwaya suke shigowa daga Asiya, kuma duk ƙungiyar da ta riƙe tashar ta riƙe bakin rijiya.

Abu na farko da zan ce ka duba shi ne shawarar tafiye-tafiye da ma'aikatar harkokin wajen Amurka take fitarwa, ba don Amurkawa sun fi kowa gaskiya ba, sai don su ne suke bin Meziko jiha jiha, har hanya hanya, suna faɗin inda suka hana ma'aikatansu bi. Matakai huɗu suke da su, na ɗaya shi ne a yi taka-tsantsan irin na kullum, na huɗu kuma kada a je. A jerin 2023 da na 2024, jihohi shida ne a mataki na huɗu, wato Colima da Guerrero da Michoacán da Sinaloa da Tamaulipas da Zacatecas, yayin da Yucatán da Campeche suke a na ɗaya. Babban birnin yana na biyu, Jalisco kuwa, jihar da Guadalajara take, tana na uku, wanda ma'anarsa a sake tunani kafin a tafi. Amma ka karanta jerin da idon ɗan gari. Ita wannan ma'aikata, a shawarar da ta fitar kan Najeriya a 2023, ta sa Kano cikin jihohin da ta ce kada a je, kai kuwa kana shiga Dawanau kana fita da buhunanka. A jerin nan ta sa Zamfara, kuma a nan ba ka da ja. Ka ga ke nan takardar tana nuna inda hayaƙi yake, ba ta tantance maka ɗakin da wutar take ci ba.

Maganar abokinka ma tana bukatar gishiri. Dawowar mutum ɗaya lafiya ba ta tabbatar da lafiyar hanya, domin dubban mutane sun hau jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna sun sauka lami lafiya kafin daren 28 ga Maris na 2022. Ka tambaye shi shekarar da ya je, da unguwar da ya kwana, da ko ya taɓa fita daga birni da mota. Idan amsar ita ce kwana biyar a otal a tsakiyar babban birni shekara huɗu da suka wuce, to shaidarsa ta tsaya a kan wannan otal da wannan shekara.

Tambayar da na fi ba muhimmanci, wadda kuma ba kasafai ake yin ta ba, ita ce: ƙungiyar da ke riƙe da wurin da za ka, da me take ci? Mu a nan mun saba da ɗan bindigar da matafiyi ne hajarsa. Ya tare hanya ne domin ya kama mutum ya karɓi kuɗin fansa, kuma kowa ya faɗo hannunsa riba ce. Manyan ƙungiyoyin Meziko, irin su ta Sinaloa da ta Jalisco wadda ake taƙaita sunanta da CJNG, asalin dukiyarsu tana cikin tsallakar da hodar iblis da fentanil da sauran ƙwayoyi zuwa Amurka, faɗansu kuma a kan mallakar hanya da gari ne, abin da suke kira plaza. Mafi yawan waɗanda ake kashewa samarin ƙasar ne, da 'yan sanda, da 'yan jarida, da 'yan siyasar ƙananan hukumomi, da talakawan da ƙaddara ta zaunar a tsakanin ɓangarori biyu. Baƙon da ya sauka ta jirgin sama da biza a hannu ba shi ne abin farautarsu ba, hasali ma taɓa shi yana jawo musu idon da ba sa so. A watan Maris na 2023 an buɗe wa wasu Amurkawa huɗu wuta a Matamoros, garin kan iyaka a jihar Tamaulipas, aka sace su, biyu suka mutu, harsashi kuma ya kashe wata mata 'yar ƙasar da take wucewa. Bayan 'yan kwanaki sai aka tsinci mutum biyar a ɗaure tare da takardar neman afuwa da sunan ƙungiyar, wai sun yi gaban kansu ne. Labarin yana koyar da abu biyu a lokaci guda: ƙungiyar ba ta so abin ya faru ba, kuma rashin sonta bai tashi matattun ba.

To amma kai ba ɗan yawon buɗe ido ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma a nan lissafin yake sauyawa kaɗan. Ƙungiyoyin nan sun daɗe da faɗaɗa cinsu zuwa karɓar haraji daga masu shaguna da masu gonaki, wanda suke kira cobro de piso, kwatankwacin kuɗin da 'yan bindiga suke ɗora wa manoma a Zamfara kafin su bar su su girbe amfaninsu. A Michoacán manoman lemun tsami da na piya, wato afokado, sun sha wannan uƙuba, har Amurka ta dakatar da shigo da piyar jihar na 'yan kwanaki a watan Fabrairu na 2022 bayan an yi wa wani mai duba kayanta barazana ta waya. Suna kuma da masu leƙen asiri da suke kira halcones, wato shahuna, irin infoman da muka sani, yara a kan babur ko masu sayar da abinci a bakin hanya da suke kai rahoton baƙuwar fuska da baƙuwar mota. Mai sayen zoɓonka ya san ko yana biyan wani ko ba ya biya, kuma ba zai faɗa maka ba. Kada ka tambaye shi a gaban mutane, kada kuma ka bari a riƙa gabatar da kai a kasuwa a matsayin attajirin da ya zo daga Afirka da kwantenoni.

Sai batun lokaci, wanda ya fi taswira saurin canzawa. Birnin Culiacán na Sinaloa ya yi shekaru ana zaman da za a iya kira lafiya-lafiya saboda ƙungiya ɗaya ce take riƙe da shi. Ranar 17 ga Oktoba na 2019 sojoji suka kama Ovidio, ɗan Joaquín Guzmán, tsohon shugaban ƙungiyar Sinaloa da aka fi sani da El Chapo, nan take mabiyansa suka rufe birnin da wuta har gwamnati ta sake shi. Da aka sake kama shi ranar 5 ga Janairu na 2023 mutum 29 suka mutu, aka rufe filin jirgin sama, harsashi ya sami wani jirgin fasinja. Ranar 25 ga Yuli na 2024 daɗaɗɗen jagoran ƙungiyar, Ismael Zambada, ya faɗa hannun Amurka, kuma daga watan Satumba na wannan shekara ɓangarorinta biyu suka far wa juna, makarantu da shaguna suka riƙa rufewa. Ƙa'idar da ke cikin wannan ita ce gari ya fi haɗari sa'ad da aka kama shugaba, ko ƙungiya ta tsage gida biyu, ko wata ta shigo neman ƙwace wuri. Jalisco ma ta ga irin wannan rana. Ranar 1 ga Mayu na 2015 CJNG ta harbo jirgin soja mai saukar ungulu, ta tare hanyoyi da motocin da ta cinna wa wuta a Guadalajara da kewayenta, kuma a watan Agusta na 2022 an sake ƙona motoci da shaguna a jihar da maƙwabciyarta Guanajuato. Mai yiwuwa irin waɗannan hotuna ne aka nuna wa Hajiya. Jalisco kuma tana cikin jihohin da ke kan gaba a yawan mutanen da suka ɓata. Duk da haka Guadalajara birni ne na mutum wajen miliyan 5 idan an haɗa da kewayensa, mai masana'antu da jami'o'i da manyan taruka, kuma a yawancin ranakun shekara mutane suna fita aiki suna dawowa. Saboda haka labarin da zai amfane ka shi ne na makonni biyu kafin tashinka. Ka sa sunan birnin a intanet kowace safiya, ka bar wayarka ta fassara maka jaridun garin daga Sifaniyanci, ka kuma sayi tikitin da za a iya ɗage ranarsa.

Idan ka yanke shawarar tafiya, ga yadda nake ganin ta. Daga babban birni zuwa Guadalajara tafiyar awa shida zuwa bakwai ce a mota, babbar hanyar kuma tana ratsa arewacin Michoacán, alhali jirgin sama yana cinye ta cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ka hau jirgi. Idan wata gajeriyar tafiyar mota ta zama dole, a yi ta da rana, a bi hanyar da ake biyan kuɗi wadda suke kira cuota, a bar ta kyauta wadda suke kira libre, direban kuma ya zama na mai masaukinka. Idan aka tsayar da ku a shinge, ko na hukuma ne ko ba na hukuma ba, a tsaya, a bar hannuwa a fili, kada ka ɗaga waya da niyyar ɗaukar hoto. A cikin gari kada ka tari tasi a kan titi, domin abin da muke kira wan-cans a tsakanin Berger da Kubwa su ma suna da shi, a ɗauki mutum a zagaya da shi na'urorin cire kuɗi har katinsa ya ƙare. A filin jirgi akwai tasi masu rajista da ake sayen tikitinsu a ciki, a gari kuma akwai Uber. Fasfonka da shaidar shigowarka su kasance tare da kai, domin baƙar fata a can ana yawan yi mata kallon ɗan ci-ranin da ke neman tsallakawa Amurka, jami'an shige da fice kuma suna tsayar da motoci. Lambar gaggawa 911 ce. Najeriya tana da ofishin jakadanci a babban birnin, ka sanar da su zuwanka tun kafin ka tashi.

Akwai wata damfara da nake son ka yi wa iyalinka bayaninta dalla-dalla, domin mu ne muka fi sauƙin faɗawa cikinta. Ana kiran baƙo ta wayar ɗakinsa na otal, a ce masa daga ƙungiya kaza ake, ana kallonsa, ya fita ya koma wani masauki ya kashe wayarsa. Daga nan sai a kira danginsa a ce yana hannu, a nemi kuɗi. Babu wanda ya taɓa shi, tsoro ne kawai ya ɗaure shi. Iyalin da suke zaune a ƙasar da kiran neman fansa ya zama ruwan dare ba za su tsaya bincike ba, za su fara harhaɗa kuɗi ne. Idan ka sami irin wannan kira ka ajiye wayar ka sauka wurin ma'aikatan otal, gida kuma ku ajiye wata kalma da ku kaɗai kuka sani, da lambar mutum na biyu a can da za a kira a tabbatar.

Ta fuskar ciniki kuwa, ka nemi lambar rajistar harajin kamfanin mai sayenka, wadda suke kira RFC, ka tabbatar adireshin ma'ajiyar ya dace da wanda ke cikin takardun kayan da kuka saba turawa, kuma haɗuwarku ta farko ta kasance a otal ɗinka da rana. Idan ya ce ainihin ma'ajiyar tana wani ƙauye mai nisan awa uku a kan iyakar Michoacán ko Zacatecas, ka gode masa, ka ce ya nuna maka ta bidiyo. A yarjejeniyar kuma ka dage alhakinka ya ƙare a tashar jirgin ruwa, domin hanyar da ta taso daga Veracruz ta bi ta Puebla zuwa babban birni ta yi ƙaurin suna wajen fashin manyan motocin kaya. Kada ka karɓi saƙon kowa a jakarka, zuwa ko dawowa, ko da carbi ne. Alaƙar masu ƙwayar ƙasashen biyu ba tatsuniya ba ce, tun da a watan Maris na 2016 hukumar NDLEA ta gano wata babbar masana'antar haɗa ƙwaya a Asaba ta kama 'yan Meziko huɗu a ciki, kuma hatimin Meziko a fasfon ɗan Najeriya zai iya jawo ƙarin tambayoyi.

Ra'ayina shi ne tafiyar kwana huɗu ko biyar zuwa cikin birnin Guadalajara, ta jirgin sama, da mai masauki sananne, a makon da gari yake kwance, abu ne da mai hankali zai iya yi. Da Culiacán ko Reynosa ta jihar Tamaulipas aka gayyace ka, da na ce ka zauna. Amma kada ka sa ƙafa Hajiya ba ta sa albarka ba. Ka zauna da ita ka nuna mata taswirar, ka yi mata kwatance da Kano da Zamfara, ka faɗa mata lokacin da za ka riƙa kiranta kullum. Idan duk da haka hankalinta bai kwanta ba, ka gayyato mai sayen nan, ka kai shi Maigatari ya ga zoɓon a inda yake fitowa. Shi ma nasa dangin za su nuna masa hotunanmu, sai ku ga wanda zai fi wani ƙarfin hali.

TAMBAYA TA BIYU

Malam, barka da aiki. 'Yata likita ce, an zaɓe ta ta gabatar da maƙala a wani taro a birnin Mérida na Meziko. Mahaifinta ya rasu, ni ce mai cewa ta je ko kada ta je, kuma tun da na ji sunan ƙasar barci ya ƙaurace mini. Uwa daga Gwarinpa.

AMSA

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya yi wa likita albarka. Ki kwantar da hankalinki. Mérida ita ce hedikwatar jihar Yucatán da na ambata a sama, wadda shekara da shekaru take cikin jihohin da suka fi ƙarancin kisan kai a ƙasar, kuma tana can kudu maso gabas, nesa ƙwarai da hanyoyin arewa da ake faɗa a kansu. Abin da zan ja hankalinta a kai shi ne yawon da masu shirya taro sukan haɗa bayan an tashi. Cancún da Tulum suna maƙwabciyar jiha, Quintana Roo, kuma ko da yake miliyoyin baƙi suna zuwa can a kowace shekara suna komawa lafiya, akwai masu sayar da ƙwaya ga 'yan yawon buɗe ido da suke faɗa a kan kasuwarsu. A watan Oktoba na 2021 harsasan irin wannan faɗa sun kashe baƙi mata biyu da suke cin abinci a wani gidan abinci a Tulum. Haɗarin ya fi yawa a wuraren shaye-shaye da dare, inda na tabbata ƙafarta ba za ta kai ba. Ta sauka a otal ɗin da masu taron suka tanada, ta yi yawonta cikin ayari da rana, ta kira ki kullum. Ki sa mata albarka ta tafi.

TAMBAYA TA UKU

Malam, ni matashi ne a Nyanya, na gama digiri shekara biyar ba aiki. Wani dillali ya ce idan na sayar da filin gadonmu zai kai ni Kudancin Amurka ta jirgi, daga can a bi ta ƙasa har iyakar Amurka. Ya ce masu ƙwaya ba ruwansu da baƙi, tsakaninsu suke faɗa. Gaskiya ne?

AMSA

Ƙanena, dillalin ya ɗauko gaskiyar da ta dace da Alhajin Kubwa ya lulluɓe ka da ita, alhali kai ba ta rufe ka ba. Na ce a tambayi abin da ƙungiyar wuri take ci. A kan hanyar da yake kwatanta maka, ɗan ci-rani shi ne abincin. Ba shi da takarda, ba ya jin yaren, yana tsoron 'yan sanda kamar yadda yake tsoron ɓarayi, kuma kowa ya san akwai dangi a baya da za su sayar da abin da ya rage domin su fanshe shi.

Daga Kolombiya zuwa Panama babu titi, sai dajin Darién, tafiyar kwanaki a ƙafa cikin duwatsu da koguna, ɓangaren Kolombiya na mashigar kuma yana hannun ƙungiyar Clan del Golfo wadda take karɓar kuɗi a kan kowane kai. Fiye da mutum 520,000 suka ratsa shi a 2023, ƙungiyoyin agaji kuma sun tattara ɗimbin shaidu na fashi da fyaɗe da gawarwakin da aka bari a hanya. Idan ta Ekwado zai sauke ka, ka sani ƙasar da a da ake yi mata kallon mai zaman lafiya ta juye cikin shekaru biyar. Kisan kai ya tashi daga wajen 6 cikin 100,000 a 2018 zuwa sama da 40 a 2023, shekarar da aka harbe ɗan takarar shugaban ƙasa Fernando Villavicencio a Quito, kuma a watan Janairu na 2024 'yan bindiga suka kutsa gidan talabijin a Guayaquil ana tsakiyar watsa shiri.

Wanda ya tsira daga waɗannan zai shiga Meziko ta Tapachula a jihar Chiapas, inda 'yan Afirka da dama suka maƙale watanni a 2019 suna jiran takardar wucewa. Daga nan akwai tafiyar kusan kilomita 2,000 ko fiye zuwa iyakar arewa, ta cikin jihohin nan da na ce wa Alhaji kada ya taka. A watan Agusta na 2010 ƙungiyar Zetas ta kashe 'yan ci-rani 72 a wata gona a San Fernando ta Tamaulipas, a shekarar da ta biyo baya kuma aka tono gawarwaki 193 a yankin, da yawansu fasinjojin da aka sauke daga motocin safa. A watan Disamba na 2021 wata tirela maƙare da mutane ta kife a Chiapas, fiye da 50 suka mutu. A watan Yuni na 2022 mutum 53 suka mutu saboda zafi a cikin wata tirela da aka yasar a San Antonio, bayan sun riga sun shiga Amurka. A watan Maris na 2023 gobara ta kashe 40 a gidan tsare baƙin haure na gwamnati a Ciudad Juárez. Ita kanta ƙofar da ake wannan wahala dominta ta ƙara ƙunci, domin ranar 20 ga Janairu na 2025 gwamnatin Trump ta rufe tsarin CBP One da masu neman mafaka suke amfani da shi wajen samun ranar ganawa a kan iyaka.

Ban raina shekara biyar na zaman banza ba, na san abin da suke yi wa zuciyar namiji. Amma filin nan ba naka ne kai kaɗai ba tun da ka ce na gado ne, kuma kuɗin da dillalin ya yanka maka ba shi ne ƙarshen biya ba, na shiga ne kawai. Kafin ka kira mai sayen fili, ka koma wurinsa da tambayoyi uku: wane gari za ka kwana a daren farko bayan ka tsallaka daga Guatemala, a hannun wa fasfonka zai kasance a hanya, kuma wa danginka za su kira idan wayarka ta yi kwana uku a kashe. Ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya tura a bara, ka yi magana da su ta bidiyo, ba ta saƙon murya ba. Ka rubuto mini amsar da ya ba ka, za mu buga ta a fitowa ta gaba.